Wata Tara Babu Mahaukacin Kare a Njamena: Yadda Aka Kore Cutar da Ƙofar da Ta Biyo Ta Dawo

Daga watan Janairu zuwa Oktoba na shekarar 2014, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke unguwar Farcha a Njamena, babban birnin Chadi, bai tabbatar da ciwon hauka a jikin karen birnin ko ɗaya ba. Wata tara cur. A garin da cutar ta zauna daram shekara da shekaru, inda duk wanda kare ya ciza sai hankalin gidansu ya tashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba sabon magani aka gano ba, ba kuma karnukan gari aka karkashe ba. Allurar rigakafin da ake da ita tun da daɗewa aka ɗauka aka yi wa karnuka, unguwa bayan unguwa, shekara biyu a jere, kyauta.

Sai kuma cutar ta dawo, tun kafin lokacin da masana suka lissafa. Abin da ya sa lamarin Njamena ya cancanci a zauna a kansa ke nan. Akwai nasara ta gaskiya a cikinsa, akwai kuma koma baya, kuma duka biyun an gan su ƙarara domin akwai masu ƙirge da masu gwaji da suka riƙe aikinsu fiye da shekara goma.

Cutar a taƙaice

Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi wani rauni a jikinsa, ƙwayar sai ta shiga nama ta kama jijiya, ta riƙa hawa a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, gwargwadon kusancin cizon da kai. A duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ciwon ya warke, an manta da zancen. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi da firgita da shaƙewar maƙogwaro idan ya ga ruwa, to kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare suke kamuwa, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ke wasa da karnuka, su ke jifan su, su ne kuma ke ɓoye cizo don gudun faɗa a gida.

Abin da ke ci mini rai a wannan cuta shi ne, tun ranar 6 ga Yuli, 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira, duniya ta san hanyar hana wannan mutuwa. Wanda aka wanke masa cizo da ruwa da sabulu na minti 15, aka fara masa allura da wuri kuma aka kammala, zai rayu da yardar Allah. Duk gawar da aka ɗauka saboda haukan kare, gawar wanda taimako bai isa gare shi ba ce.

Kafin allura, sai da aka fara ƙirge

Aikin Njamena bai fara da sirinji ba. Wajen shekarar 2000 ne cibiyar binciken cututtuka ta Swiss TPH da ke Basel a Suwizalan, ta hannun tawagar da likitan dabbobi Jakob Zinsstag ya jagoranta, ta haɗa kai da ɗakin binciken dabbobi na gwamnatin Chadi da ke Farcha, wanda yanzu ake kira IRED, da kuma cibiyar tallafa wa kiwon lafiya ta CSSI. Abu na farko da suka tsayar shi ne wurin da za a iya gwada kan kare a ce lalle wannan yana da cutar, wannan ba shi da ita. Ana ɗiban ɗan guntun ƙwaƙwalwa, a shafa a gilashi, a zuba wani sinadari da ke manne wa ƙwayar cutar, a duba a madubin likita. Idan tana nan sai a ga ɗigo-ɗigo suna haskawa kore.

Kada a raina wannan mataki. A yawancin garuruwanmu, idan kare ya yi cizo aka ce mahaukaci ne, matasa ke bin sa da sanduna da duwatsu su kashe, a jefar da shi a juji ko a kwata. Shi ke nan shaida ta tafi. Babu wanda zai san ko da gaske cutar ce, babu inda za a rubuta, kuma idan yaron da aka ciza ya rasu bayan wata biyu sai a ce iska ce ko sammu ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Cutar da ba ta cikin takarda ba ta samun kaso a kasafin kuɗi. Da Farcha ta fara karɓar kawunan karnuka tana rubuta rana da unguwa da adadin waɗanda kowane kare ya ciza, sai cutar ta samu fuska. Binciken farko ya nuna cewa a shekara, cikin kowane kare 1,000 da ba a yi wa rigakafi ba, ana tabbatar da cutar a jikin 1.4. Wani bincike da aka yi a asibitocin birnin a 2008 zuwa 2009 ya ƙiyasta cewa mutum bakwai ke mutuwa da ita a Njamena kowace shekara.

Sannan aka ƙirga karnukan kansu. Binciken gida-gida na 2001 ya ba da kimanin 23,560 masu iyayen gida. A nan ne aka gano abin da ya sauya tunanin masu aikin: mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo a titi da bakin kasuwa, waɗanda kowa ke cewa ba su da mai su, suna da gida. Da rana su fita neman abinci, da dare su koma gadi. Waɗanda ba su da kowa 'yan kaɗan ne. Ma'anar wannan ita ce, ba sai an yi ta farautar karnuka da raga ba. Idan aka shawo kan mai kare, an samu kare.

Daga bayanan da aka tara na shekaru shida, masana suka fitar da wani adadi a 2009 wanda shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Sun lissafa cewa kowane mahaukacin kare a Njamena yana harbar wani kare 1.01 kafin ya mutu, wato da ƙyar yake samun magaji guda. Dalili kuwa a fili yake: karen da cutar ta bayyana a jikinsa kwanakinsa ba su da yawa, ko ta kashe shi cikin mako guda ko mutane su riga ta. Cutar da ke tafiya a kan siririn zare irin wannan, idan aka rage mata karnukan da za ta iya kamawa, sai zaren ya tsinke. Lissafin ya nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura zai katse yaɗuwarta. Ya kuma nuna cewa karkashe karnuka bai kai rigakafi amfani ba. Mutanen tsibirin Bali a Indonesiya sun ga haka da idonsu bayan cutar ta shiga musu a 2008: an kashe karnuka fiye da 100,000, amma cutar ta game tsibirin, sai da aka koma ga allura aka fara ganin sauƙi. Idan aka kashe kare, mai shi sabon kwikwiyo yake kawowa, marar rigakafi, wani lokaci ma daga inda cutar take.

Sefa 2,000 da ta hana aiki

Akwai gwaji biyu ƙanana da aka yi kafin babban aikin, kuma a ganina darasinsu ya fi na kowane lissafi nauyi. A 2002 an yi wa karnuka allura kyauta a wasu yankuna uku na birnin, aka samu tsakanin kashi 64 zuwa 87 cikin 100. A 2006 aka sake yi, amma aka ce mai kare ya biya sefa 2,000. Abin da aka samu kashi 24 ne kacal. Gari ɗaya, mutane ɗaya, allura ɗaya. Da aka tambayi masu karnuka nawa za su iya biya, sai aka ga cewa in ana son kai wa kashi 70, kuɗin bai kamata ya wuce sefa 400 zuwa 700 ba.

Wani zai ce ai karensa ne, shi ya kamata ya biya. Ban yarda da wannan magana ba. Magidancin da ke neman abin cefane ba zai fitar da sefa 2,000 kan kare ba, kuma ba don rashin hankali ba ne. Amfanin allurar ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba. Ɗan maƙwabci da ke wucewa zuwa makaranta, da mai tallar da ke shiga lungu, da almajirin da ke bara a ƙofar gida, su ne allurar ke karewa, kuma babu ɗayansu da ke da kare. Abin da amfaninsa na kowa ne, daga aljihun kowa ya kamata a biya shi, kamar yadda ake yi da rigakafin shan inna da na ƙyanda. Lissafin 2009 ya ma nuna cewa idan aka auna kuɗin da aka kashe da amfanin da aka samu, haɗa rigakafin karnuka da allurar waɗanda aka ciza yana daidaita da tsadar yi wa mutane allura kawai cikin shekara biyar, bayan shekara bakwai kuma ya fi araha. Dogaro da allurar mutane kaɗai biyan kuɗi ne da ba shi da ranar ƙarewa, domin bai taɓa tushen cutar ba.

Babban aikin, 2012 da 2013

Gwamnatin Chadi da gidauniyar UBS Optimus suka raba nauyin kuɗin. Njamena tana da gundumomi goma, da mutane wajen miliyan ɗaya a lokacin. Aka tsara mako 13 a ƙarshen kowace shekara, bayan ɗaukewar damina, ana bin gundumomin ɗaya bayan ɗaya. Rukunin ma'aikata goma ke kafa rumfa a wuraren da aka zaɓa tare da masu unguwanni, daga Juma'a zuwa Lahadi, domin a ranakun ne mutane ke gida, kuma yara, waɗanda su ne karnuka suka fi sabawa da su, ke da sararin jan su zuwa wurin. Kafin a isa kowace unguwa an riga an sanar a rediyo, an manna takardu, mota mai lasifika ta zagaya. A gefen gari inda gidaje suka yi nisa da juna, ma'aikata ne ke bin mutane.

Duk karen da aka yi wa allura sai a ba mai shi takardar shaida, a kuma sa masa abin wuya na roba. Wannan abin wuya shi ne idon aikin. Bayan an gama da unguwa, wasu ma'aikatan sai su bi tituna suna ƙirga karnukan da suka gani, nawa ke da abin wuya, nawa ba su da shi, wasu kuma su shiga gidaje suna tambaya. Da haka ake gane ko an kai kashi 70 a wurin ko ba a kai ba, tun aikin bai yi nisa ba. Bambancin ke nan tsakanin wannan aiki da irin bikin da aka saba gani a ranar yaƙi da cutar ta duniya, 28 ga Satumba, inda ake yi wa karnuka ɗari biyu ko uku allura a gaban manyan baƙi a tashi. Sanin yawan allurar da aka yi ba shi da amfani idan ba a san yawan karnukan da suka rage ba.

A 2012 an yi wa kare 18,182. A 2013 an yi wa 22,306. A duka shekarun biyu an kai kashi 71 cikin 100. Cikin shekara guda yawan karnukan da ake tabbatar da cutar a jikinsu kowane wata ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, sannan aka shiga waɗancan watanni tara na 2014.

Amma kashi 71 ɗin nan jimillar gari ce, ba ta kowace unguwa ba. A unguwannin kudancin birnin, inda mutanen kudancin Chadi, galibi Kiristoci, suka fi yawa, karnuka sun fi yawa kuma sun saba da hannu, an kawo su sosai. A unguwannin arewa, inda Musulmi suka fi yawa, karnukan ba su da yawa, amma kason da aka samu ya yi ƙasa. Wannan wuri ya shafe mu kai tsaye, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A gidajenmu kare ma'aikaci ne. Yana gadi, yana bin garke, yana zuwa farauta, amma ba a taɓa shi, ba a ɗaura masa igiya, sau da yawa ma babu wanda zai fito fili ya ce nasa ne. Ranar allura sai a rasa mai riƙe shi, dattijo kuma yana jin nauyin a gan shi a titi yana jan kare. Alhali addini bai hana ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, daga Kano har Njamena, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya ajiye dabba tana masa aiki, haƙƙinta da haƙƙin maƙwabtan da za ta iya cutarwa suna wuyansa. Wannan magana daga bakin limami da mai unguwa da sarkin maharba ta fi shiga kunne fiye da daga bakin likitan dabbobi, kuma masu aikin Njamena da kansu sun kammala da cewa samun kare ya dogara ne da fahimtar mutanen da ke tare da shi.

Dawowar cutar

A watan Oktoba na 2014 aka sake kawo kan kare Farcha ya haska kore. Waɗanda suka fara bayyana daga gunduma ta tara suke, wadda ke ƙetaren kogin Shari ta kudu, a bakin gari, sannan daga baya cutar ta haura cikin birnin. Lissafin masana ya nuna bai kamata ta dawo da wuri haka ba. Tambayar da ta taso ita ce: ɓuya ta yi a cikin gari ba a gan ta ba, ko daga waje aka shigo da ita?

A nan ne ajiyar samfura ta yi rana. Ƙwayar cutar tana ɗan sauya tsarin halittarta kaɗan-kaɗan yayin da take wucewa daga kare zuwa kare, ta yadda za a iya gane wace ce 'yar'uwar wace, a kuma ƙiyasta yadda take yaɗuwa. An karanta tsarin ƙwayoyin cuta 29 da aka ciro daga karnukan Njamena. Sakamakon, wanda aka wallafa a 2017, ya yi daidai da abin da ƙirgen mako-mako ya nuna: yaɗuwar cutar tsakanin karnukan birnin ta katse da gaske na wata tara. Bayanin da ya fi ƙarfi game da dawowarta shi ne karnuka masu ɗauke da ita da ake ta shigowa da su daga wajen gari. Ƙarin binciken da aka yi daga baya ya ƙarfafa wannan, ya nuna cewa shigowa daga kewaye na cikin abin da ke raya cutar a birnin. An ga irin haka a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda nazarin shekaru masu yawa ya nuna cewa cutar takan mutu a cikin gari, sai wata sabuwa ta shigo daga waje.

Yadda take shigowa ba wani abin mamaki ba ne. Kare da aka ciza yau zai yi makonni lafiyarsa lau. A cikin waɗannan makonni ana iya ɗora shi a mota ko a babur ko a kwalekwale, a kai wa ɗan'uwa kwikwiyo kyauta, ko ya biyo makiyaya zuwa kasuwar dabbobi. Da ƙafarsa, mahaukacin kare 'yan kilomita yake ci kafin ya mutu. Mutum ne ke tsallakar da cutar kogi da iyaka.

Sannan ga wani abu da ke aiki a ɓoye. Karnukan garuruwanmu ba sa daɗewa. Mota, yunwa, cuta da guba suna ɗauke su da wuri, ana kuma haifar sababbi kullum. Garin da ya kai kashi 71 a Disamba, kafin shekara ta zagayo kason ya zube sosai, ba don allurar ta lalace ba, sai don yawancin waɗanda aka yi wa sun mutu, waɗanda ba a yi wa ba sun maye gurbinsu. Bayan 2013 ba a ci gaba da aikin gari gaba ɗaya kowace shekara ba, ba a kuma faɗaɗa shi zuwa ƙauyukan kewaye ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Da baƙuwar ƙwayar ta iso, sai ta tarar da isassun karnuka marasa kariya.

Ban ɗauki wannan a matsayin gazawar allura ba. Allura ta yi duk abin da aka ce za ta yi. Abin da ya gaza shi ne faɗin wurin da aka rufe da kuma ɗorewar kuɗi, kuma waɗannan hukunci ne na masu mulki da masu ba da tallafi, ba na ɗakin gwaji ba.

Gibin da ke tsakanin asibiti da likitan dabbobi

Akwai wani sakamako da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ya kai sauran muhimmanci. An sa ran cewa da cutar ta ragu a jikin karnuka, buƙatar allurar mutane za ta ragu, a samu rarar kuɗi. Hakan bai faru yadda aka zata ba. Mutane sun ci gaba da sayen allurar, domin ma'aikacin asibiti da aka kawo wa wanda kare ya ciza ba shi da labarin karen. Bai san ko an yi masa rigakafi ba, bai san ko yana raye ba, babu kuma wata hanya da aka shimfiɗa tsakaninsa da Farcha. Sai ya rubuta allura ga wanda karen gida mai takarda ya ciza, iyali su ci bashi su saya. A gefe guda kuma, wani da karen da aka tabbatar yana da cutar ya ciza yana can gida bai zo ba, ko ya fara ya kasa kammalawa saboda tsada. A lokacin, allura biyar ake yi cikin kwana 28, daga aljihun majiyyaci, kuma maganin da ake zubawa cikin rauni mai tsanani don ya tare ƙwayar nan take kusan ba a samun sa a ƙasar.

Gyaran wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Duk cizon da ya zo asibiti a sanar da ma'aikacin dabbobi. Shi kuma ya je ya ga karen. Idan yana raye a tsare shi kwana goma ana duba shi, domin karen da ke da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba zai wuce kwana goma bai nuna alama ko ya mutu ba. Wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba idan akwai shakka, za a fara masa allura, in karen ya fita lafiya a dakatar. Idan an kashe karen, a kai kansa gwaji. Idan gwaji ya tabbatar, a bi sawu: wa da wa ya ciza, waɗanne karnuka ya yi faɗa da su, daga ina ya fito. Mahaukacin kare ba kasafai yake cizon mutum ɗaya ya tsaya ba, kuma wanda ya zo asibiti shi ne hanyar gano sauran da ba su zo ba. Ƙungiyar Njamena ta kuma gwada wani ɗan abin gwaji na gaggawa, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin mintuna ba tare da wutar lantarki ba, ta ga yana aiki da kyau. Da irinsa, garin da ke nesa da babban birni ba sai ya aika da kan kare tafiyar kwana biyu cikin zafi ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da ake yi a gida. Aske gashin karen a ƙona a shafa a ciwo, ko ɗaure wurin da ganye, ba ya taɓa ƙwayar da ta riga ta shiga jijiya. Abin da ya sa ake ganin kamar yana aiki shi ne yawancin karnukan da ke cizo ba su da cutar, don haka mutum zai warke ko an shafa ko ba a shafa ba. Ranar da aka gamu da mai cutar, jinkirin da aka yi wajen maganin gida shi ne ke cin rai.

Abin da ya haɗa mu da Njamena

Daga Njamena, gadar Ngeli kawai za ka haye ka shiga Kusuri a Kamaru, daga can kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce zuwa Gamboru a jihar Borno. Hanyar da 'yan kasuwa da direbobi da masu shanu ke bi ce tun kaka da kakanni. Nazarin tsarin halittar ƙwayar ya nuna cewa dangi guda ne na cutar ke yawo a faɗin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Chadi zuwa Nijar da Najeriya har Senegal, kuma ya bazu ne cikin shekaru kamar 200 da suka wuce. Ga kuma fataucin karnuka. Kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato tana karɓar karnuka daga jihohin Arewa da ƙasashen maƙwabta, a loda su a mota zuwa kudu, kuma bincike a Najeriya ya sha gano ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan yanka da ake gani kamar lafiyayyu. Duk jihar da ta yi wa karnukan babban birninta allura ta ƙyale ƙauyuka da hanyoyin mota, abin da ya sami Njamena a ƙarshen 2014 ne zai same ta.

Kayan aiki kuwa ba a rasa su ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana gwajin cutar, tana kuma sarrafa rigakafin karnuka shekaru da yawa. Najeriya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na kawar da cutar na 2022 zuwa 2026, cikin burin da hukumomin duniya suka sa na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta hanyar cizon kare nan da 2030. Meziko ta riga ta kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata a 2019, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta a faɗin ƙasar. Tun 2018 kuma hukumar ta amince da tsarin allurar mutane da ake yi a cikin fata, a kammala cikin mako guda, a rana ta farko da ta 3 da ta 7, wanda ke sa kwalba ɗaya ta ishi mutane da yawa.

A Chadi, masana sun lissafa abin da zai ci a yi wa karnukan ƙasar gaba ɗaya allura har a kawar da cutar: tsakanin Yuro miliyan 1.9 zuwa miliyan 4.7. A 2024 ƙawancen rigakafi na Gavi ya buɗe ƙofar tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da allurar waɗanda aka ciza, abin da zai sauke wa iyalai nauyi mai yawa. Sai dai wannan tallafi na allurar mutane ne. Allurar karnuka, da man motar da za ta kai ta ƙauye, da albashin mai ƙirga abin wuya, da sinadarin ɗakin gwaji, har yanzu suna kan ma'aikatun dabbobi na Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya, kuma sai sun tsara lokacin aikinsu tare a yankunan iyaka, shekara bayan shekara.